Tsohuwar laftof da ta zame mana rumbu: saƙo ga masu furojek na guruf

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a jami'o'in Kudu, musamman 'yan sashen kwamfuta da na injiniya. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi ya dawo da dare. Wanda kuma yake da furojek na guruf a wannan zangon, don Allah ya daure ya kai ƙarshe.

Duk wanda ya taɓa aikin guruf ya san ciwonsa iri biyu ne. Na farko, aikin da kansa ya rikice ko ya ɓace. Na biyu, aikin ya kammala lafiya amma sunan wanda ya yi shi ya ɓace. Na biyun ya fi cin rai, kuma mu 'yan Arewa ya fi samunmu. Da yawanmu ba mu da yawan surutu a gaban aji, Turancinmu a rubuce ya fi na bakinmu gudu, ga kunya da aka tarbiyyantar da mu a kai ta kada mutum ya yabi kansa. Sai ka kwana uku kana fama da kod, ranar difens wani mai zaƙin baki ya miƙe ya yi bayani kamar shi ya haifi abin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ya magance mana duka biyun a gurufinmu ba wani abu mai tsada ba ne. Tsohuwar laftof ce mai fasasshen gilashi, muka mayar da ita ƙaramar saba, wato uwar garken da kowa yake kai aikinsa yana ɗebo na 'yan uwansa. Zan faɗi yadda aka yi da abin da ya biyo baya.

Mu biyar ne, muna aji uku, a farkon 2024. Ni kaɗai ne Bahaushe. Akwai Yarabawa biyu, mace da namiji, da wani ɗan Inugu, da wani ɗan Edo wanda shi ne shugaban guruf. An ba mu aikin rubuta manhajar lissafin kayan kantin magani: me ya shigo, me ya fita, wane magani ne wa'adinsa ya kusa ƙarewa. Makon farko da na biyu a WhatsApp ake komai. Kowa ya gyara nasa sai ya dunƙule folda ya turo. Kafin ka ankara akwai "final", akwai "final2", akwai "final na ƙarshe", babu wanda zai iya rantsuwa a kan wanne ne na gaskiya. Wata rana ɗan Inugu ya gyara shafin shiga, washegari wani ya turo tasa foldar da ya gina a kan tsohon kwafi, gyaran ya bi ruwa. Aka yi ta cacar baki har ƙarfe ɗayan dare.

A taron da ya biyo baya na kawo shawarar mu koma Git. Ga wanda bai san shi ba, Git manhaja ce da ke riƙe tarihin fayiloli. Duk lokacin da ka kai wata gaɓa a aikinka sai ka yi komit, wato ka ɗauki hoton aikin yadda yake a wannan lokacin, da sunanka, da kwanan wata, da ɗan bayanin abin da ka canza. Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finlan ɗin nan da ya ƙirƙiro Linux, shi ya rubuta shi a watan Afrilu na 2005, bayan an janye musu damar amfani da BitKeeper kyauta, manhajar da suke ajiye kod ɗin Linux da ita. A watan Yuli na shekarar ya miƙa ragamarsa ga Junio Hamano. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, a Git duk wanda ya kwafo aikin ya kwafo shi ne da tarihinsa kaf, tun daga komit na farko. Kowace laftof a guruf cikakken kwafi ce.

Na san tambayar da ke bakin wasu: to me ya hana ku GitHub? Babu abin da ya hana, muna ma amfani da shi, zan zo kan wannan. GitHub kamfani ne da aka buɗe a 2008, Microsoft ya saye shi a 2018 kan dala biliyan 7.5, kuma tun 2019 yake barin mutum ya buɗe rumbun sirri kyauta. Kod kuma ba ya cin data sosai, wannan gaskiya ne. Matsalarmu ita ce netwok ɗin unguwar da muke haya. Da ƙarfe takwas na dare ta yi, lokacin da kowa ya dawo ya hau waya, shafi ɗaya sai ya yi minti biyar yana juyawa. Ga ƙarshen wata, lokacin da biyu cikin biyar ba su da ko megabait ɗaya. Alhali mu uku a gida ɗaya muke haya, sauran biyun kuma tafiyar minti goma ce tsakaninmu. Mutum yana ɗakin da ke kallon naka, amma sai aikinsa ya je wata ƙasa ya dawo kafin ka gan shi. Wannan ne ya sa na ce mu kafa tamu a gida.

Kayan da muka haɗa ba su da yawa. Laftof ɗin ta yayan yarinyar nan Bayarabiya ce, ta faɗi gilashinta ya tsage rabi, aka jefa ta ƙarƙashin gado. Batirinta kuwa yana riƙe wuta wajen awa biyu, kuma wannan shi ne babban dalilin da ya sa tsohuwar laftof ta fi kwamfutar tebur dacewa da ɗakin ɗalibi: idan an ɗauke wuta ba ta mutuwa nan take. Sai ƙaramar rauta mai batir ta shugaban guruf. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ko babu data a layin da ke cikin rauta, tana haɗa na'urorin da ke kanta su yi magana da juna. Data ta fita waje ce, mu kuwa a cikin gida muke.

Ga matakan, a taƙaice yadda mutum zai iya bi.

Na farko, muka sa mata Ubuntu Server ta filash. Kyauta ne, kuma ba shi da hotuna da tagogi masu cin ƙarfin na'ura, baƙin allo ne kawai da rubutu. Wannan matakin da na gaba su kaɗai ke buƙatar data, don haka a yi su da rana ko a inda netwok ke da kyau.

Na biyu, muka sa Git da SSH. SSH hanya ce ta shiga wata kwamfuta daga taka a ɓoye, ba tare da wani ya iya leƙen abin da ke wucewa ba. Shi ma wani ɗan Finlan ne, Tatu Ylönen, ya ƙirƙiro shi a 1995.

sudo apt install git openssh-server

Na uku, muka buɗe asusu ɗaya a kan sabar mai suna git, wanda kowa zai riƙa bi ta kansa.

sudo adduser git

Na huɗu, kowa ya ƙera makullinsa a tasa laftof. Masu Windows su buɗe Git Bash, yana zuwa tare da Git.

ssh-keygen -t ed25519

Wannan zai ba ka fayil biyu. Wanda sunansa ya ƙare da .pub shi ne kamar kwaɗo, shi za ka ba mai kula da saba. Ɗayan shi ne ɗan makullin, ba ya barin laftof ɗinka, ko abokinka na ƙud da ƙud ba ka tura masa. Mai kula da saba zai jera kwaɗunan kowa, layi ɗaya ga mutum ɗaya, a cikin fayil ɗin authorized_keys da ke foldar .ssh ta asusun git. Ranar da wani ya bar guruf, layinsa kawai za a goge.

Na biyar, a cikin asusun git ɗin muka gina rumbun.

git init --bare kanti.git

Kalmar bare ɗin nan tana nufin rumbun tarihi ne zalla, babu fayilolin da mutum zai buɗe ya yi aiki a kai. Da gangan ake yin haka. Ba a aiki a cikin rumbu, kai hatsi ake yi a ɗebo.

Na shida, kowa ya kwafo zuwa tasa na'urar. Lambar nan adireshin sabar ne a kan rautarmu, taku za ta iya bambanta.

git clone git@192.168.0.10:kanti.git

Shi ke nan. Daga nan rayuwa ta koma umarni uku: git pull kafin ka fara, git commit idan ka kai gaɓa, git push idan ka gama.

Akwai ƙananan abubuwa huɗu da ke hana ciwon kai, a yi su tun ranar farko. A shiga saitin rauta a kafe wa sabar adireshi ɗaya, don kada ya canza duk lokacin da aka kashe aka kunna. A buɗe fayil ɗin logind.conf a mayar da HandleLidSwitch zuwa ignore, don a iya rufe murfin laftof ba tare da ta yi barci ba. A mayar da asusun git kan git-shell, wanda ke barin mutum ya tura ya jawo kawai, ba ya barinsa ya shiga ya yi yawo a cikin na'urar. Sai na huɗun, wanda ya fi kowanne muhimmanci a wurina: a cikin rumbun a kunna receive.denyNonFastForwards da receive.denyDeletes. Da su, babu mai iya danne tarihin da aka riga aka tura ko ya goge reshe, ko da kuskure ko da gangan. Rigakafi ya fi magani.

Duka aikin bai ci mana yammaci ɗaya ba. Abin da ya ɗauki lokaci shi ne mutane su saba. Shugaban guruf, wanda "Malam" yake kirana tun aji ɗaya, ya ce min, "Malam, wannan baƙin allon naka zai ci mana lokaci, ga difens ya matso." Na ce masa, "Oga, ba ni kwana uku. Idan bai yi ba mu koma WhatsApp." Muka yi doka uku muka liƙa a bango: kowa ya yi aikinsa a reshensa, kada a tura kod ɗin da bai tashi ba zuwa babban reshe, kuma kada a sa kalmar sirri ko manyan fayiloli a rumbu. Kwana na biyu aka samu karo na farko, mutum biyu sun taɓa layi ɗaya. Git ya tsaya ya nuna layin wannan ya nuna na wancan, ya ce ku zaɓa. Minti biyar aka sasanta. Irin wannan ne a da yake cinye mana dare guda. Shugaba bai ƙara maganar WhatsApp ba.

Ranar 14 ga Maris 2024, muna cikin kwanakin farko na azumi, manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma. Za ku tuna yadda netwok ya rikice a Najeriya da Gana da Kwaddibuwa, har manhajojin wasu bankuna suka daina aiki. Gurufin ajinmu ya cika da kuka, masu GitHub ba sa iya turawa, masu WhatsApp folda ta maƙale a hanya. Mu a ɗakinmu ba mu fasa komai ba. Ni bayan tarawihi nake zama aiki har kusan sahur, su kuma da safe suke yi. In na tura da asuba na kwanta, su tashi su jawo su ɗora daga inda na tsaya. Azumina bai takura musu ba, jadawalinsu bai takura mini ba. 'Yan uwanmu na Zamfara da suka ga rufe layukan sadarwa a watan Satumba na 2021, da na wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, ba sai an yi musu dogon bayani kan amfanin abin da ke aiki babu intanet ba.

Amma kada wani ya ɗauka saba ɗaya a ƙarƙashin tebur ta isa. Laftof tsohuwa ce, ana iya sace ta, ruwa na iya zubowa a kanta. Kariya ta farko ita ce wadda na faɗa a baya, kowane ɗayanmu yana da tarihin a tasa na'urar. Ta biyu, duk ranar da netwok ya yi kyau muna tura kwafin rumbun gaba ɗaya zuwa rumbun sirri a GitHub da git push --mirror. Ta uku ita ce ta yi min rana da na tafi gida hutun ƙaramar Sallah a watan Afrilu. Sabar ba ta fita waje, daga gida ba zan iya kaiwa gare ta ba, netwok ɗin garinmu kuma sai a hankali. Sai na yi aikina, na dunƙule shi da wannan umarni:

git bundle create sallah.bundle --all

Fayil ɗaya ne ƙarami, ɗauke da tarihin duka. Na tura shi ta WhatsApp lokacin da na samu sabis a bakin titi, su kuma suka jawo daga cikinsa kamar daga saba suke jawowa. Komit ɗina suka shiga da sunana da kwanan watansu.

Yanzu ga abin da ya sa na yi wannan dogon rubutu. Ranar difens, bayan shugaba ya gama bayani, malamin ya tambayi wa ya rubuta ɓangaren da ke gano maganin da wa'adinsa ya kusa ƙarewa. Kafin kowa ya buɗe baki, ɗayan Yarabawan, namijin, wanda ya fi kowa iya tsayuwa gaban jama'a, ya fara amsawa da "mun". Malamin ya ce shi ba "mun" ya tambaya ba. Sai yarinyar ta ce, "Sa, muna da tarihin aikin, a duba." Aka haska git log a bango, aka buɗe fayil ɗin da git blame, wanda ke nuna sunan wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe. Gani ya kori ji. Sunana ne a kan wannan ɓangaren. Malamin ya juyo ya yi min tambaya uku a kan kod ɗin, na amsa a hankali da Turancina yadda yake. Ban yabi kaina ba, ban kushe kowa ba, rubutu ne ya yi magana.

Ba ni kaɗai ya wanke ba. Ɗan Inugun nan ya fi ni shiru, da ƙyar ake jin muryarsa a taro, sai ga shi kusan duk tsarin ma'ajiyar bayanan nasa ne. Nan na ƙara gane cewa shiru ba na ƙabila ɗaya ba ne, kowace ƙabila tana da masu aiki a ɓoye da masu bakin gaba. Shi kuma wanda ya ce "mun", tarihin ya nuna bai rubuta kod da yawa ba, amma shi ya rubuta rahoton aikin kusan gaba ɗaya, kuma yana cikin rumbun da sunansa. Ya samu makin abin da ya yi. Aka tashi babu wanda ya ƙullaci wani.

Gargaɗi biyu a nan, don kada a mayar da abin makami. Yawan komit ba shi ne yawan aiki ba. Yarinyar nan ita ce mai mafi ƙarancin komit a cikinmu, amma ita ta warware lissafin ragin farashi da ya gagare mu mako guda. Wanda ya ƙirga da git shortlog kawai zai zalunce ta. Sannan sunan da ke kan komit, mutum ne da kansa yake rubuta shi a saitinsa, Git ba ya tambayar katin shaida. Don haka kowa ya sa cikakken sunansa na makaranta tun ranar farko, ba laƙabi ba, kuma kowa ya shirya kare layin da ke ɗauke da sunansa. Wanda ya kwafo kod daga wani wuri ya tura, tambaya biyu za ta tona shi.

Ga wanda sabar za ta zauna a ɗakinsa kuma, ka sani amana ce aka ba ka. Kalmar sirrin babban asusu mu biyu muka riƙe, ni da shugaba, don kada in yi tafiya ko rashin lafiya aiki ya tsaya. Duk matakan da na bi na rubuta su a fayil na sa a cikin rumbun. Ban taɓa cire makullin wani don mun yi saɓani ba. Da zarar mai riƙe da saba ya fara jin shi ne sarki, mutane za su koma tura folda a ɓoye, an koma gidan jiya.

Wani abin da ban zata ba shi ne yadda wannan ƙaramin aiki ya canza zamana a aji. Wasu gurufai biyu suka zo na kafa musu tasu. Mutanen da shekara biyu ba mu wuce gaisuwa ba suka fara zama muna duba kod tare. Lokacin neman wurin horon sanin makamar aiki, da aka tambaye ni abin da na taɓa yi da hannuna, ina da labarin da zan bayar wanda ya wuce "na ci kwas kaza da maki kaza": na sa Linux, na saita SSH, na kula da rumbun mutum biyar zango guda ba a rasa layi ɗaya ba.

Yau data ta ƙara tsada, tun bayan da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairu na 2025. Tsofaffin laftof kuwa suna nan birjik, a ƙarƙashin gadaje da shagunan masu gyara. Idan babu laftof, Raspberry Pi ma tana yi. Idan kuna son shafi mai kyan gani irin na GitHub a kan taku sabar, akwai Gitea, kyauta ce kuma ba ta da nauyi, amma ku fara da baƙin allon tukuna don ku san abin da ke gudana a ƙasa.

Ƙannena 'yan aji ɗaya da aji biyu, kada ku jira sai furojek na ƙarshe. Ku nemi mutum biyu, ko a masallacin makaranta ko a ɗakin karatu, ku kafa ɗaya a ƙarshen makon nan, ko da aikin gida na kwas ɗaya za ku riƙa sawa. Kuma ku jawo 'yan ajinku da ba Hausawa ba a ciki, da su za ku yi aiki gobe. 'Yan uwa mata da ke hostel inda ba a barin baƙi, rauta mai batir da laftof suna shiga jaka ɗaya, ana iya kafa sabar a teburin ɗakin karatu a naɗe ta idan an tashi.

Wanda ya gwada ya maƙale a wani mataki ya rubuto saƙon da allon ya nuna masa, harafi da harafi, zan duba idan na fito daga lakca. Wanda kuma ya san hanyar da ta fi wannan sauƙi ya koya mana. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya mayar da kowa gida lafiya da sakamako mai kyau.